An ba ka shugabancin sashe a ofishin gwamnati? Ga yadda za ka san ko jama'a na amfana da kai

Akwai wani dattijo da har yau in na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. Lokacin ban daɗe da karɓar wani ƙaramin sashe ba a wani ofishin gwamnati a nan Abuja, ba sai na kira suna ba, na fito zan je sallar azahar sai na gan shi zaune a benci riƙe da leda cike da fotokwafi. Na gaishe shi na ce Baba lafiya dai ko? Ya ce lafiya lau ɗana, haƙƙin yarona da ya rasu nake bi, yau zuwana na shida ke nan daga Gwagwalada. Na karɓi lambar fayil ɗin na bi sahu, ashe takardun da ake nema gaba ɗaya tun zuwansa na farko ake iya lissafa masa su a zama ɗaya, amma duk zuwa sai a faɗa masa guda ɗaya a ce ya je ya kawo, in ya kawo a tuno wata. A wannan watan kuma rahoton da muka tura sama cewa yake komai na tafiya daidai, mun kashe kuɗin da aka ba mu, mun yi taruka, mun sayi sabuwar firinta. Babu layi ko ɗaya a rahoton nan da Baba zai shiga.

Shi ya sa na ga bari in rubuta wannan saboda 'yan'uwa da aka ɗaga su zuwa mataimakin darakta ko aka ba su kula da wani sashe, ko asibitin sha-ka-tafi a Kwali, ko ofishin haraji a wata ƙaramar hukuma, ko ma makarantar firamare a Bwari. Abin da zan faɗa ba ya buƙatar ka jira sabon kasafin kuɗi, rabinsa littafin rubutu da biro ne kawai da niyya.

Bari in fara da tushen maganar a taƙaice. Ɗan kasuwa a kasuwar Wuse in ya tashi da yamma yana ƙirga ciniki ya san ko ya ci riba ko ya faɗi. Kai ba ka da wannan, mutumin da ya zo neman takardar haihuwa ko izinin gini ba shi da wani shagon da zai koma in ka wulaƙanta shi, dole gobe ma ya dawo wurinka, to layi ya yi tsawo a ƙofarka ba shaida ba ce ta cewa ana jin daɗinka. Wani malami a jami'ar Harvard ta Amurka, Mark Moore, shi ne ya yi fice da wannan batu a 1995, ya ce manajan gwamnati ya riƙa yi wa kansa tambaya uku a lokaci guda: wane amfani nake son samar wa jama'a, su waye za su ba ni izini da kuɗi da goyon baya, sannan ina da hannaye da kayan aikin da za su yi? Na gwada na gani, duk aikin da ya mutu a gabana in ka duba ɗaya daga cikin ukun nan ne ya gurgunce. Amma tambayar farko ita aka fi tsallakewa, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Mataki na farko, sati biyunka na farko kar ka canza komai. Na san zumuɗi, sabon oga yana so a ga ya zo, a canza labule a sake jera tebura. Ka danne. Ka fita daga ofishinka ka je ka zauna inda jama'a ke jira, ko da awa ɗaya ce kullum, da safe wajen ƙarfe tara lokacin da waɗanda suka taso daga Nyanya da Mararaba da Zuba tun bayan asuba suke isowa a gajiye da go-sulo. Ka tambayi mutum abu huɗu kacal: me ya kawo ka, yau zuwanka na nawa, nawa ka kashe a mota, me aka ce maka a zuwan baya. Ka rubuta. Kar ka kare ofis, kar ka ce ai doka ce, kai dai saurara. Kuma ka yi magana da mutum da harshen da ya fi sakewa, in Hausa ce Hausa, in Gbagyi ne ka nemi wanda ke ji cikin ma'aikata, in burokin ne burokin, don da yawa daga cikin masu cewa "to, na gode" su juya ba su fahimci abin da aka faɗa musu da Turanci ba, kunya ce ta hana su sake tambaya.

Bayan jama'a sai ka zauna da masinja da mai kula da rajistar fayil da maigadi, ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban manyansu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni masinjanmu ne ya buɗe min ido, dattijo ne ya kusa ritaya, na ce Malam, don Allah a ina fayil ya fi kwana? Ya yi shiru ya ce Yallaɓai in faɗi gaskiya? Na ce ita nake nema. Ya lissafa min tebura biyu da fayil ke yin sati a kai ba don ana wani aiki a kansa ba, sai don mai teburin ana yawan tura shi aikin waje kuma babu wanda aka ba ikon sa hannu a madadinsa. Shekara da shekaru ya san wannan, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Mataki na biyu shi ne bin fayil da ƙafa. Ɗauki fayil goma da aka gama kwanan nan da goma da suka fi daɗewa a buɗe. Alhamdulillahi tsarin aikin gwamnati yana da wani alheri guda, duk wanda ya rubuta bayani a fayil yana sa kwanan wata, to tarihin tafiyar yana nan a rubuce. Ka samu babbar takarda ka zana: ya shigo rajista ranar kaza, ya je tebur na ɗaya ranar kaza, ya bar shi ranar kaza, haka har ƙarshe. A gaban kowane tebur ka rubuta abu biyu, kwana nawa ya yi a wurin, da kuma minti nawa aikin gaske yake ɗauka. Nan za ka sha mamaki, aikin da in aka haɗa shi bai wuce awa biyu ba sai ka ga ya ci wata guda, sauran duk jira ne. Sai ka bi kowane tebur da tambaya ɗaya: wannan sa hannun, wace doka ko sakula, wato takardar umarni daga sama, ce ta ce sai an yi shi? Wani za a nuna maka shi a dokokin aikin gwamnati ko ƙa'idojin kuɗi, wannan ka bar shi, yana kare dukiyar jama'a kuma yana kare ka ranar da odita ya zo. Wani kuma za a ce maka haka muka tarar. Irin wannan shi ne naman ka.

Yanzu mataki na uku, kuma nan mutane ke zamewa. Zaɓi abu ɗaya. Ɗaya tak. Ka rubuta shi a jimla guda da bakin mai zuwa neman hidima, ba da bakin ofis ba. "Za mu inganta ayyuka" ba alkawari ba ne don babu ranar da za a kama ka da saɓa shi. Amma "duk wanda ya kawo takardunsa cikakku zai karɓi amsa cikin kwanakin aiki goma, kuma ba zai zo fiye da sau biyu ba", wannan alkawari ne, yana da mudu. In asibiti kake, yana iya zama mai ciki da ta zo awo za ta ga ma'aikaciya kafin awa ɗaya kuma ba za a ce ta je waje ta sayi abin da ya kamata a ba ta ba. In ruwa ne, famfon unguwa ba zai wuce kwana uku a lalace ba. Ka zaɓi wanda ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya bisa abin da ka ji a benci, ba wanda ya fi kyau a hoto ba.

Ga wani lissafi da nake so kowane shugaban sashe ya iya, don shi ne ke juya wahalar mutane ta zama lamba da manya za su gane. Misali ne kawai, ka sa naka alƙaluman. A ce mutum yana kashe naira 3,000 zuwa da dawowa, kuma sai ya zo sau 5 kafin a gama masa, ka ga 15,000 ke nan a mota kaɗai, ban da abinci da fotokwafi da ranar aikin da ya rasa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a kai a 2024 naira 70,000 ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin biyar na albashin ƙaramin ma'aikaci ya tafi a bin fayil ɗaya. To a ce mutum 200 kuke gani a wata, ka rage zuwan daga 5 ya koma 2, ka bar wa jama'a naira miliyan 1 da dubu 800 a aljihunsu duk wata ba tare da gwamnati ta fitar da ko sisi ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane zuwa ya ƙara tsada, don haka rage zirga-zirga yanzu taimako ne na gaske, kusan kamar ka ba mutum kuɗi a hannu.

Mataki na huɗu, neman izini da goyon baya. Kar ka ce ai alheri zan yi, waye zai hana. Za a hana, ko a yi maka shiru wanda ya fi hani ciwo. Ka rubuta memo gajere, shafi ɗaya, zuwa ga wanda ke samanka: ga abin da na gani, ga lambobi, ga abin da nake roƙon a amince, ga abin da ba zai ci kuɗi ba. Kuma ka jingina shi da abin da gwamnati ta riga ta ce da bakinta, don ba sabon abu ka ƙirƙiro ba. Tun 2004 zamanin Obasanjo aka kafa SERVICOM, ofishin da ke sa ido kan ingancin hidimar da ma'aikatu ke yi wa jama'a, kuma ana son kowace ma'aikata ta samu takardar alkawarin hidima da ke faɗin abin da take yi da tsawon lokacin da zai ɗauka da inda za a kai ƙorafi. A watan Mayun 2017 Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa ya sa hannu a umarnin zartarwa na farko, wanda ya ce hukumomi su wallafa sharuɗɗa da kuɗi da wa'adin duk wani izini ko lasisi da suke bayarwa, har ma aka ce in wa'adin ya wuce ba amsa a ɗauka an amince, daga baya a 2023 aka shigar da wannan cikin dokar sauƙaƙa kasuwanci. Ga dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai tambaya. In ka shiga wurin darakta ka ce ranka ya daɗe, abin da sakula ta riga ta umarta nake so mu fara aiwatarwa a sashenmu, kuma in ya yi kyau sunan ma'aikata ne zai fita, ka ga ka sauƙaƙa masa cewa to. Ka nemi jami'in SERVICOM na ma'aikatarku ma ka ja shi jiki tun farko, sau da yawa suna nan suna jiran wanda zai neme su.

Goyon baya ba a sama kaɗai yake ba. Ka zauna da wakilin ƙungiyar ma'aikata kafin ya ji a bakin wani. In aikinka a unguwa yake ko ƙauye, mazaɓu 62 ne a ƙananan hukumomi shida na babban birnin tarayya, kowace da masu faɗa a ji, ka je ka gaida hakimi ko mai unguwa, ka ga liman da fasto, ka ga shugabar mata da shugaban matasa. Asibitocin matakin farko suna da kwamitin ci gaban mazaɓa, makarantu suna da kwamitin gudanarwa na al'umma, in sun mutu ka tashe su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ranar da wani babba ya so ya ture abin da ka gina waɗannan mutanen su ne za su yi magana a inda kai ma'aikaci ba ka da bakin yi.

Sai ka shirya wa abu guda da ba a son faɗa. Jinkiri yana da masu cin moriyarsa. Duk inda hanya ta yi duhu akwai mai tsayawa a bakin get yana cewa kawo in taimaka maka, akwai mai jiran na goro kafin fayil ya motsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni ban ba ka shawarar fara da farautar mutane ba, toshe tsagar ya fi saurin aiki: a liƙa jerin takardun da ake buƙata a ƙofa da manyan baƙi, Turanci da Hausa da duk harshen da masu zuwa ke ji, a rubuta kuɗin hukuma ƙarara, a rubuta cewa ba a biyan kowa a hannu. A matakin tarayya a 2015 aka tilasta asusun bai ɗaya, aka koma biyan kuɗin shiga ta manhajar biyan kuɗi ta Remita, mutum ya ciro lambarsa ya biya a banki ko ta waya ya kawo rasit. Wanda ya san farashi ya san wa'adi da wuya a tatse shi. Wanda kuma ka kama dumu-dumu bayan wannan, ka bi ƙa'ida, a ba shi kweri, wato takardar tuhuma, a rubuce, kar ka rufe kuma kar ka yi masa tonon silili a gaban jama'a.

Mataki na biyar, gyaran cikin gida, wannan ba shi da wahalar fahimta. Tebur ɗaya a ƙofa da zai duba takardun mutum gaba ɗaya a zuwan farko ya faɗa masa duk abin da ya rage a rubuce a 'yar takarda. Kowane mai sa hannu ya samu mataimaki da aka ba iko a rubuce in ba ya nan. A karɓi lambar wayar mai nema da yardarsa, a kira shi ko a tura masa saƙo in an gama maimakon ya zo dubawa, kuma lambar nan amana ce, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, ba a ba wa kowa ita. In kana da kwamfuta da intanet madalla, amma ka gyara hanyar tukuna kafin ka ɗora ta a na'ura, in ba haka ba "oga ba ya nan" ce za ta koma "babu netwok". Kuma ka kula da ma'aikatanka tsakani da Allah, wanda ya taso daga Masaka ko Suleja ya kashe rabin albashi a mota ba za ka sa shi murmushi da tsawa ba. Ka raba aiki da adalci, ka raba tafiye-tafiyen da ke da alawus da adalci, wanda ya yi ƙoƙari ka rubuta masa takardar yabo ta shiga fayil ɗinsa, ba ta cin kuɗi amma tana da nauyi ranar ƙarin girma.

To yanzu awo, mataki na shida. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, gaskiya ne, sai dai idon shugaba yana ganin abin da aka shirya masa ya gani, don haka a nan sai da mudu. Awo hawa-hawa ne. Hawan ƙasa shi ne abin da aka kashe: kuɗi, ma'aikata, dizal. Na biyu abin da aka yi: fayil nawa aka gama, rijiyar burtsatse nawa aka haƙa, aji nawa aka gina. Yawancin rahotanninmu a nan suke tsayawa. Na uku shi ne abin da ya canza a rayuwar mutum: rijiyar tana ba da ruwa bayan wata shida? Yaran da ke ajin sun iya karatu? Matar ta haihu a asibitin ko ta koma gida don ba kowa da dare? Na huɗu kuma amana da adalci: wanda ba shi da kowa yana samun abin da mai hanya ke samu? Ka tabbata kana da aƙalla ma'auni ɗaya a hawa na uku da ɗaya a na huɗu.

A aikace ga yadda nake yi. Littafi ɗaya mai layi a teburin ƙofa: lambar fayil, ranar shigowa, ranar gamawa, zuwa nawa mutum ya yi, daga ina ya zo, mace ko namiji, akwai lalura ta musamman ko babu. Duk ranar Juma'a da safe kafin a tafi masallaci, minti talatin, mu zauna mu fitar da lamba huɗu: nawa suka shigo, nawa aka gama cikin wa'adi, zuwa nawa akasarin mutane suka yi, sannan fayil goma mafi tsufa suna teburin wa kuma me ya riƙe su. Wannan na ƙarshen kar ka yarda a bar shi, saboda matsakaicin lissafi yana ɓoye mutane, in tara sun samu a kwana uku ɗaya ya yi wata biyar lissafi zai nuna kuna ƙoƙari alhali ga wani can yana kuka, kuma galibi shi ne talakan da ba shi da wanda zai kira.

Sannan kiran waya. Duk sati ka zaɓi mutum goma cikin waɗanda aka sallama, kai za ka zaɓa da kanka daga littafin ba a zaɓo maka ba, ka kira su. Salamu alaikum Hajiya, daga ofishi kaza ne, an gama miki abin da kika zo nema? Sau nawa kika zo? Akwai wanda ya nemi wani abu a hannunki? Wallahi abin da za ka ji a kira goma ya fi abin da akwatin ƙorafi zai tara a shekara, don mutanenmu ba su cika rubuta ƙorafi ba, sai su ce Allah ya isa su tafi. Ka lura kuma da waɗanda ba sa zuwa kwata-kwata. In littafinka ya nuna duk masu zuwa daga cikin gari suke, babu na Abaji babu na Kuje, ko mata ƙalilan ne, ko ba ka taɓa ganin mai keken guragu ba, ba wai ba su da buƙata ba ne, wani abu ne ya tare su, ko nisa ko matakalar bene ko tsoro. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a farkon 2019 ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya wuce, in ba ka da kuɗin gyara to ka sauko da teburin hidimar ƙasa.

Hattara da abu ɗaya: duk lambar da ka matsa wa mutane a kanta za su nemo hanyar cika ta. Ka ce a rufe fayil da sauri, sai a fara mayar wa mutane da takardunsu a kan ƙaramin kuskure don a rubuta an gama. Ka ce ba a son ƙorafi, sai a daina rubuta ƙorafi. Maganinsa kowace lamba ka haɗa ta da 'yar'uwarta mai tsaronta, sauri tare da adadin waɗanda aka mayar, yawan ƙorafi tare da kiran waya. Kuma in ƙorafi ya ƙaru a watannin farko kar ka firgita, alama ce mutane sun fara yarda cewa ana saurare. Yanzu da aikin gwamnatin tarayya ke barin tsohon fom ɗin APER, na rahoton ƙwazon ma'aikaci na shekara-shekara, zuwa sabon tsarin auna ƙwazo da ake sa hannu a kan abin da mutum zai cim ma, ka yi ƙoƙari waɗannan lambobin su shiga yarjejeniyarka da ta ma'aikatanka, sai abin ya zama aikin ofis ba son ran oga ba.

Ka liƙa sakamakon a allo inda jama'a ke zama, duk wata, da alƙalami mai kauri: wannan watan mutum kaza suka zo, kaza aka gama musu cikin wa'adi, kaza muka makara, ga dalili. Watan da ya yi muni ma ka liƙa. Na san da nauyi, amma ranar da mutane suka ga ka rubuta gazawarka da hannunka daga ranar za su yarda da sauran lambobin.

Saura ɗorewa, mataki na bakwai, inda ayyuka masu kyau da yawa suke mutuwa. Abu biyu ke kashe su, rashin kuɗin gyara da canjin wurin aiki. A kan na farko, duk abin da za a saya ko a gina ka tambaya tun kafin a ba da kwangila: waye zai gyara, da wane kuɗi, a ina ake samun kayan gyaran? Sola tana son batir bayan wasu shekaru, firinta tana son tawada duk wata, burtsatse tana son mai gyaran famfo a kusa. Ba a fafe gora ranar tafiya, lokacin da sakular shirya kasafin kuɗi ta fito kai ka riga ka shirya lissafinka, ka kai wa sashen tsare-tsare da akanta da hannunka, ka tabbata abin ya shiga kuɗin gudanarwa kuma ya shiga jadawalin sayayya kamar yadda dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanada. A 2022 an fitar da umarnin zartarwa na 11 a kan kula da gine-ginen gwamnati, ka kafa hujja da shi. Amma ka tsara aikin yadda ko kuɗi sun makara, kuma suna makara, zuciyarsa ba za ta tsaya ba. Littafi da biro da zaman Juma'a ba sa jiran a saki kuɗi.

Na biyun kuma, ka sani ba za ka dawwama a kujerar ba. Fostin na iya fitowa gobe, darakta ma shekara 8 ce iyakarsa a sabbin dokokin aiki, ritaya kuma tana nan a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki. Don haka tun wata na uku ka fara cire kanka. Zaman Juma'a mataimakinka ya riƙa jagoranta kana zaune. Littafin ƙofa mutum biyu su iya shi. Sabuwar hanyar a rubuta ta shafi biyu, a samu sa hannun darakta ko babban sakatare ta zama umarnin ofis mai lamba, a sa wa'adin cikin takardar alkawarin hidima ta ma'aikata, don wanda zai gaje ka ya tarar da ita a matsayin ƙa'ida, soke ta sai ya yi bayani.

Ranar da za ka tafi, takardar miƙa aikinka kar ta tsaya a lissafin kujeru da makullai da motar ofis. Ka sa alkawarin da kuka yi wa jama'a, lambobin wata shida na baya, jerin fayil goma mafi tsufa da abin da ya riƙe kowanne, sunayen kwamitocin unguwa da ranar zamansu, da abin da ka gwada bai yi ba da dalilinsa. Sai ka roƙi wanda ya gaje ka alfarma ɗaya, ka ce ɗan'uwa kafin ka shiga ofis ɗin nan ka zo mu zauna a bencin waje na awa ɗaya, ka riƙe masa littafin, shi ya yi tambayoyin.